Ƙofa ta Bakwai

Sama ta fara darewa kamar gilashi, sai yarinyar ta saɓa ƙanenta Auta a baya ta kwasa da gudu.

Da hantsi suka gano hanyar. A shagon askin Babansu madubi biyu ne ke fuskantar juna, kuma in ka tura ɗayan da tafin hannu sai ya buɗe. Ƙofa bakwai ta ƙirga, kowacce na kai su wani shago sak na Baba, kafin su ɓulla lambun da kifaye ke iyo a iska. Fure ɗaya tak Auta ya tsinka, lambun ya hau rushewa.

"Ni gudu, kai ƙirga ƙofofi," ta ce tana haki. "Sai ta bakwai za mu tsaya, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya. Ɗaya, biyu, uku."

Ɓaraguzan gilashi na zuba a dugaduganta, ba ta ko waiwaya ba.

"Huɗu, biyar, bakwai. Mun iso, Yaya."

Ta zube ƙasa. Madubin biyu suka rufe ruf, suka koma madubi kawai. Ga kujerar aski, ga ƙamshin hoda, ga Baba yana gyara wa wani gemu.

"Ina kuka shige tun ɗazu, ja'irai?" ya tambaya yana murmushi.

Har ta buɗe baki, sai ta tuna abin da kullum ake yi wa Auta dariya a kai a gida: bai taɓa faɗin shida ba.

A hankali ta ɗaga ido. Baban da ko cokali bai taɓa ɗauka da hagu ba, almakashi na hannunsa na hagu.