Shanun Maƙwabci a Gonar Baƙuwa

Ranar Talata da hantsi, a ƙarshen kaka, wata mata ta fito shanya wanki sai ta tarar da shanu goma sha ɗaya a cikin gonar alkamarta. Kafin in ci gaba, ya kamata ki san ko wace ce ita. Baƙuwa ce a ƙasar Amurka, daga wata jama'a ta Kiristoci manoma da ake kira Menonayit. Daga Rasha suka taso, ita da mijinta da 'ya'ya huɗu, saboda an ce za a fara ɗibar mazansu aikin soja, su kuwa a addininsu ba a ɗaukar makami, ba a rantsuwa, ba a kai mutum gaban alƙali. Kayansu duka akwati biyu ne, sai buhu ɗaya na irin alkama wanda ita da hannunta ta tsince ƙwaya-ƙwaya kafin su taso. Irin nan kaf suka zuba a gonar, ko tafi ɗaya ba su rage ba. Alkama ce da ake shukawa gab da sanyi, ta tsiro kamar tsawon yatsa, ta kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, sai zafi ya dawo ta tashi. Da aka gama shuka mijin ya tafi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, don a samu na sawa a baki kafin girbi. In gonar nan ta lalace, babu abinci baɗi, babu iri, kuma ba inda za a samo irinsa sai ƙetaren teku.

Shanun na maƙwabcinsu ne, wanda ya riga su zama a wurin, yake kuma ganin baƙin sun tare masa makiyaya. Ya san ba sa kai ƙara, shi ya sa ya bar ƙofar shingensa a buɗe. Ta kora su har gidansa ta rufe ƙofar. Ranar Alhamis suka dawo. Da ta shiga gari sayen gishiri ta ba mai kanti labari, don shi yana jin yarensu. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ba wuya. Ki je gaban alƙali ki ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ki rantse, yau ɗin nan za a sa shi ya biya." Ta ce su ba sa yin haka. Ya ce, "To, sai ki tuƙa haƙurin ki zuba wa yaran a kwano." Kada ki zaci maganar ba ta soke ta ba. A hanyar komawa ta zauna a bakin gonar ta yi kuka, ta kuma roƙi Allah abu biyu: ya tsare saiwar alkamar, ya hana ta tsanar maƙwabcin nan. Na biyun ya fi mata wuya.

Ranar Asabar da gari ya waye ta sami shanun a karo na uku. A gonar suka kwana, sun kwashe tsiron har ƙasa. Biyar daga ciki masu nono ne, hantsarsu ta cika ta yi tauri, suna ta kuka. Ita 'yar gidan manoma ce, ta san saniyar da aka bari a haka ciwo take kamawa. Sai ta ɗauko igiya da bokiti biyu, ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ta tsuguna a tsakiyar gonarta da aka cinye ta tatse su. Yaranta ba su ɗanɗana madara ba tun saukarsu daga jirgin ruwa, ga 'yar autar nan riƙe da gefen rigarta tana leƙen bokiti. Ko cokali ɗaya ba ta ɗiba ba, domin ba nata ba ne. Ta sa shanun a gaba, bokiti a kowane hannu, har ƙofar gidansa. Yana tsaye a bakin ƙofa, matarsa na bayansa. Kalmomin yarensa da ta sani ba su fi biyar ba. Ta ajiye madarar a gabansa, ta nuna shanun, ta nuna bokitin, ta ce, "Naka." Matar ce ta juye madarar, ta wanke bokitan ta miƙo mata, ba ta iya haɗa ido da ita ba. Da yamma aka ga ƙofar shingen a ɗaure da waya.

Bayan mako biyu ƙanƙara ta sauko ta rufe gonar wata huɗu cur. Faten masara suke sha sau ɗaya a yini. Kullum sai ta leƙa ta taga ta ga fili fari fat, ba ta san ko akwai abu mai rai a ƙarƙashinsa ba. Da zafi ya dawo, ɓangaren fadama inda kofato ya kirɓa taɓo bai tashi ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan. Sauran ya toho, kowane gindi da kara huɗu ko biyar. Mijin ya dawo suka girbe tare. Ta cika buhu biyu da iri ta ɗinke bakinsu kafin ta bari a niƙa ƙwaya ɗaya. Maƙwabcin bai taɓa ba ta haƙuri ba, shanunsa kuma ba su sake taka gonar ba.

Hausawa suka ce, mahaƙurci mawadaci.