Kunnen Tsohon Direba

Malamin lissafi ya riƙe sitiyari da hannu bibbiyu, gumi na bin wuyan rigarsa. A gefensa surukinsa ne zaune, an naɗe masa idanu da bandeji bayan aikin yanar ido. Matar malam tana baya, ta toshe baki da gefen mayafi.

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙin dogon zango, kuma tun ranar da malam ya sayo motar nan ya sa mata ido. Wai ƙafarta ta yi ƙanƙanta, wai tarinta ma na mai ciwon ƙirji ne. Da za su baro asibitin ya yanke hukunci: in har ta kai su gida lafiya, shi ke nan. In ta gaza, a sayar da ita, 'yarsa da jikokinsa ba za su sake shigarta ba. Malam kuwa yana son motar nan kamar ransa.

Suna hawa kwalta maganin asibiti ya kwashe Baba, ya yi barcin awa biyu cur, irin wanda ko ganga aka buga ba ya ji. Yanzu ya farka, ya karkata kai yana saurare.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe sai ta yi zafi muryarta ke fitowa. Ka ji inji mai kauri. Motar doguwar tafiya ke nan, ba ta kuka, gurnani take yi."

Malam ya ce, "Haka ne, Baba." Me zai ce? Mutum ba ya musu da surukinsa, balle ya katse shi yana tsakiyar yabo.

Baba ya gyara zama, ya shiga ba da darasi. Mota ta gari, a cewarsa, ba gudu ba ce. Bayanka ne alƙali: in ka sauka kana dafa ƙugu, an cuce ka. Ita kuwa wannan, ga shi sun faɗa rami uku, lilo kawai ta yi. Ya ce har ji yake kamar ta ƙara tsawo, iskar ma ta sama ce ke shigowa. Ya yaba wa giya, wai tana shiga ba tare da ya ji motsin hannun direba ba.

"Mai fa? Ban ji mun tsaya ba."

"Allurar man ko motsi ba ta yi ba, Baba," in ji malam. Wannan kam gaskiya ya faɗa. A baya, matarsa ta fara wani tari mai kama da dariya.

Tsohon ya lalubo kafaɗar malam ya dafa. "Na janye maganata. Idona ne ya zalunce ta, kunnena kuwa bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kada ka kuskura ka sayar da ita."

Daɗi da tsoro suka haɗe wa malam. Saura lanƙwasar titi ɗaya su kai gida, addu'arsa kawai a sauke tsohon nan salin alin.

Suka tsaya. Aka ji buɗewar ƙofa can gaba, sai takun mutum, sannan direban babbar motar da ta goyo su tun daga inda injinsu ya mutu ya ɗaga murya daga ƙasa: "Malam, a nan zan sauke ku da gawar motar, ko mu wuce gareji?"