Safar Hannu ta Roba

Shekara talatin da ɗaya Kunne yana gyaran motocin tsere a gareji ɗaya, kuma ba a taɓa ganin ya fara aiki da sifana ba. Sai a tayar da mota, ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya yi shiru kamar mai taɓa goshin mai zazzaɓi. Minti ɗaya ya ishe shi. In ya ce filogi na huɗu ne, a buɗe, a tarar na huɗun ne. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Kunne, har sunansa na yanka ya ɓace.

Duk Asabar da hantsi 'yan ƙungiyar masu motocin gudu sukan taru a wurinsa. Manya ne masu furfura da tumbi, amma da an taka totur sai su washe baki kamar yara. Suna ƙorafin girman kai ya kama Kunne a 'yan shekarun nan. Ba ya ɗaga waya, sai dai a rubuto masa. Ka kira shi daga baya, ba zai waiwayo ba. In kana magana kuwa ya tsare ka da ido kamar zai haɗiye ka. Suna haƙuri da shi, don gwani ne.

Sai kamfanin da ke ƙera motar da suka fi ƙauna ya fito da sabuwa, rabi fetur rabi batir, ya kuma ce ya daina yin tsohuwar. Ranar garejin ya zama kamar gidan makoki. Wani ya ce firij ce aka sa wa taya. Lauya, wanda ya fi kowa baki a cikinsu, ya rantse ko kyauta aka ba shi ba zai hau ba. Amma babu wanda ya tsane ta kamar Kunne. Ya ce motar da za ta tashi ba ta yi sallama ba, ɓarauniya ce.

A gida abinci ya daina shigarsa. Matarsa ta zo ta zauna a gabansa, ta dafa gwiwarsa kamar yadda ta saba kafin ta yi magana.

“Malam, ka ajiye aikin nan tun da sauran mutunci.”

“In ajiye in zama wa?” ya ce. Sai ta kwashe kwanukan.

Wata huɗu bayan rantsuwarsa, Lauya ya shigo garejin da sabuwar, ja wur, yana sosa ƙeya. Ya ce akwai wata 'yar ƙara da take yi idan injin fetur ya karɓi aiki daga batir, kuma kwamfutar kamfani ta ce lafiya lau.

Mai garejin, ɗan marigayi ubangidan Kunne, ya ja shi gefe, ya tsaya a gabansa. Tsofaffin motocin suna ƙarewa, kowa ya sani, bara goma sha biyu ne a layi, bana uku.

“Baba, in ka gano abin da kwamfuta ta kasa, duk masu irin wannan nan za su zo, kuma bencinka yana nan. In ba haka ba, dole in kawo masu takardar shaida, kuma ba ni da wurin mutum biyu.”

Sannan ya miƙa masa kayan ƙa'ida: safar hannu ta roba mai kaurin tayar keke, da takalmin roba, da tabarmar roba da zai tsaya a kai. Wayoyin nan masu ruwan lemo, in ji shi, wutar cikinsu ta isa ta kashe bijimin sa. An ja layi a ƙasa, ba mai tsallakewa muddin motar tana kunne.

“Bari in taɓa ta sau ɗaya,” in ji Kunne. “Sau ɗaya tak, ɗana.”

“Wallahi ba zan iya ba, Baba. Ai sauraro kawai za ka yi.”

Kunne ya zura hannuwansa cikin safar, ya ji kamar an yanke su. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a gaban mota.

Aka ɗaga bonet. Injin yana lulluɓe da baƙin murfi, ko bel ɗaya ba a gani. An sa wa salansar motar tiyo mai fitar da hayaƙi ta bango. 'Yan ƙungiya suka yi da'ira. Lauya ya shiga ya danna maɓalli, fitilu suka kawo. Irin wannan motar da batir take farawa, injin kuwa sai ya ga dama yake tashi da kansa.

Kunne ya jira. Ya dubi murfin, bai motsa ba. Ya danna ƙafarsa a kan tabarmar, babu komai. Ya dubi fuskokin mutanen, duk shi suke kallo, wasu har da murmushin alfahari, suna jiran gwaninsu ya kunyata kwamfuta. Gumi ya taru a cikin safar. Shirun ya yi tsawo, ya ga gara ya yi musu barkwanci kafin sarauniyar ta ga dama.

“To Lauya, ka roƙe ta ta tayar da injin mana. Ko sai mun kawo mata shayi?”

Ba wanda ya yi dariya. Murmushin ya bushe a fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Mai garejin ya sunkuyar da kai, Lauya ya sa hannu a hankali ya kashe motar.

Injin ya fi minti biyu yana ruri har ana ɗaga murya, amma shekara biyar ke nan da kunnuwan Kunne suka mutu, duk motar da ya gyara tun daga nan, da tafin hannunsa ya ji ta.