Ƙullin Ƙasar Gwange

Ina da shekara goma sha ɗaya aka rufe makarantarmu, Baba ya ce zai tura ni Injamena wurin kawuna. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya zaunar da ni a tsakar gidanmu na unguwar Gwange yana haɗa mini jaka. Ya sa gidan sauro da maganin zazzaɓi, da katin allurar shawara da har lokacin damtsena ke tsami saboda ita.

"Ruwan da ba ki ga tafasarsa ba, kada ki sha," in ji shi. "Ko wa ya ba ki."

Sai Kaka, mahaifiyarsa, ta tsuguna a gindin dalbejiya ta ɗebi ƙasa, ta ƙulle a ƙyallen tsohon zaninta.

"Ki jiƙa kaɗan a ruwan can ki sha, jikata. Cikinki zai ɗauka a gida kike."

"Haba Iya! Ƙasa za ta sha?"

"Kai ma na ba ka da za ka Kano, ga ka nan da ranka."

Baba ya yi dariya, dariyar da rabonmu da ita tun da harbe-harbe suka shigo unguwa. Ya raɗa mini, "Karɓi, amma kada ki kwance."

Shekara uku na yi a Injamena ina tafasa ruwa. Da na dawo, na tarar Kaka ta rasu, an shafe tsakar gidan da siminti. Ƙullin yana akwatina har yau, yana ƙanshin turaren wutarta. Ƙasar gidanmu da ta rage ke nan.