Tseren Jar Mota a Shekarar Fari

Yana taka totur, jar motar ta saki kukan da ya daɗe yana mafarkin ji.

Wani Anasaran kamfanin gyaɗa ne ya yar da ita har kaji suka mai da ta gida. Gogan namu kuwa ya janyo ta da jakuna, ya wanke mata ciki, ya sauya buji, wato fulogi, ya cire kujerar gefe da gilasai don ta rage nauyi, duk saboda tseren yau daga Maraɗi zuwa iyaka.

Ya lumshe ido. Hanya ta miƙe fes, itatuwan gawo suna gudu da baya. Ya wuce ɗan Alhajin Maraɗi, ya wuce direban Katsina mai baƙin tabarau. Iska na kaɗa masa riga, jama'a na ɗaga huluna.

"Maigida! Barci kake? Ƙara mata wuta, ruwan bai kai ga albasa ba!"

Ya buɗe ido. Motar na ɗane bisa kututture a bakin tabkin Madarumfa, wanda fari ya janye nesa. Igiyar robar da ya ɗaura a ƙafar baya tana juya famfo. Matarsa na tsaye cikin garkar da ta rage musu bana.

"Da yanzu na kai iyaka," ya ce.

"To direba, kai mana ruwa tukuna."

Ya taka har ƙasa. Ruwa ya sheƙa, ya wuce tumatir, ya wuce barkono, ya isa albasa babu mai bin bayansa.