Alif a Haɓar Mai Aski

Ta sami saurayinta shi kaɗai a shagonsa na aski, tsaye gaban madubi, rabin fuskarsa duk kumfa, jini na bin haɓarsa. Tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya yanki kowa ba.

Ya jiƙa alif zai goga a yankan, amma hannun sai rawa yake, har alif ɗin ya suɓuce ya faɗa kwanon ruwa.

"Me likita ya ce?" ta tambaya a hankali.

Ta cikin madubi ya dube ta. "Ya ce rawar ƙaruwa za ta yi. Ki gaya wa Baba a bar maganar aurenmu. Wa zai miƙa mini wuyansa? Da me zan riƙe ki?"

Ta tsamo alif ɗin ta danna masa a haɓa, ya runtse ido saboda raɗaɗi.

"Wallahi ni ma tsoro nake ji," ta ce. "Amma ba zan kai wannan saƙon ba."

Jinin ya tsaya. Ba ta ɗauke hannunta ba, shi ma bai ce ta ɗauke ba.