Malamin Gitar Cinya

Injin sussuka bai ɗauki daƙiƙa biyu ba. Da Harisu ya janye hannunsa na hagu, yatsu uku sun tafi tare da ƙaiƙayi.

Likita ya ce ya gode wa Allah, ya kuwa gode. Sai dai Harisu makaɗin gurmi ne, gurmi kuwa ba ya magana sai an danne masa tsirkiya da yatsu. A ƙauyensu da ke kusa da Zango, gidansu ne ke kaɗa taken Sarkin Noma ranar kalankuwa tun zamanin kakan kakansa. Da gero ya fara fitar da kai, Sarkin Noma ya zo da kansa ya ce, "Saura wata biyu, Harisu. In ba za ka iya ba ka faɗa, in nemo makaɗi daga garin Babban Mutum. Ka dai sani, in abin nan ya fita daga gida ba ya dawowa."

Ba shi da wanda zai miƙa wa. A hannun kakansa ya koya, don can aka kai shi tun yaye, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Kakan ya rasu. Mahaifinsa kuwa, Malam Dabo, a Ikko ya yi yawancin ƙuruciyarsa, ba wanda ya san sana'ar da ya yi a can, ya dawo gaba ɗaya a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ya kama sayar da hatsi, ya riƙe sahun gaba a masallaci. Ko fito ba a taɓa jin ya yi ba. Tsakaninsa da Harisu sai gaisuwa daga nesa.

Wata rana a waya Harisu ya ga wani Bature zaune, ya kwantar da gita a cinyarsa, yana zamar da guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Ba ya danne komai da yatsa. Harisu ya nuna wa duk wanda ya shigo gidan. Bayan kwana biyar Maliki mai kayan gwanjo na kasuwar Kongolam ya kira shi, wai irin wannan abin ya shigo hannunsa. Tsohuwa ce, da tsabar gero a kusurwar akwatinta, Maliki kuma bai tsaya ja-in-ja kan farashi ba.

Gita ta samu, malami ne babu. Kullum da hantsi Harisu yana kan tudun bayan makaranta, inda sabis ya fi ƙarfi, yana cigiya a intanet da ɗan Turancinsa na aji huɗu. Wani ya turo masa takardu cike da layuka da lambobi. Wata ta yi masa magana minti goma, bai tsinci komai ba sai sunansa, shi ma ta karya shi. Wani ya tambaye shi yatsu nawa suka rage, da ya ji biyu ne bai sake amsawa ba.

Kwana ashirin suka tafi haka. In ya zauna a zaure ya goga ƙarfen, sai ƙanwarsa Fadila ta leƙo ta ce, "Yaya, don Allah ka kwance akuyar nan ta je kiwo." Yakan yi dariya, amma tuwonsa yana komawa yadda aka kawo shi.

Sai ga saƙo da Hausa, daga lambar da ba hoto ba suna: "An ce kana neman malami. Ka daina ɗaure tsirkiyoyin irin na Turawa. Ɗaure su yadda gurmi ke magana."

Malamin ba ya ɗaukar kira, ba ya turo murya. Rubutu ne kawai, sai ɗan gajeren kiɗa da zai ɗauka ya turo. Da Harisu ya tambayi sunansa, ya ce, "Ba sunana za ka kaɗa ba." Gyaransa babu wasa: "Kana danna ƙarfen kamar mai huɗa. Sassauta hannu." Wani lokacin ma gyaran kan riga Harisu turo abin da ya kaɗa. Harisu ya ce a ransa, gwani ya san inda ɗalibi ke tuntuɓe.

Saura kwana huɗu, taken ya zauna duka, ban da wutsiyarsa, wurin da kiɗan ke gangarowa Sarkin Noma ya ɗaga hauya sama. Nan kullum sai sautin ya karkace. Harisu ya ɗauka ya tura. Shiru. Washegari shiru. Ya tura saƙo ashirin, ya kira har wayarsa ta mutu.

Ana gobe kalankuwa Sarkin Noma ya aiko cewa makaɗin Babban Mutum yana jiran amsa, iyakarta la'asar.

Bayan azahar Fadila ta same shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ta ce zazzaɓin Baba yau kwana uku ya ƙi sauka, ya kamata ya shiga ya duba shi. Ya bi ta ciki ya durƙusa daga bakin ƙofa. Tsohon yana kwance, fuskarsa na kallon bango. Harisu ya yi sannu, aka amsa da gyaɗa kai.

Yana nan durƙushe ya ciro wayarsa ya rubuta: "Malam, don girman Allah. In ban ji daga gare ka ba, yanzu zan je in ce na gaza." Ya tura.

Wani abu ya yi gurnani a ƙarƙashin matashin Malam Dabo. Tsohon ya laluba ya ciro waya ya kai kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya gwada rubutu, wayar ta zame kan tabarma.

Bai juyo ba. Ya ce, "Fadila, gaya wa yayanki ya sassauta tsirkiya ta uku. Kwana uku ke nan ina jin ta daga nan, ita ce ke karkatar masa da take."